Gaz ɗin Goggo Asabe

Sa'ida ta gaji da yi wa waya murmushi. Aikinta ke nan a wani proje, shirin tallafi na Magariya: ta ɗauki bidiyo tana lallashin mutane su bar itace su koma gaz, ta watsa a intanet. Ran nan shef ɗinta, shugabanta a wurin aiki, ya ce jama'a sun ƙoshi da fuskarta, a samo tsohuwa. Sai ta tuna da Goggo Asabe, yayar babanta, a wani ƙauye bayan Dungas.

Goggo ba ɗa ba jika, ƙafa kuma ta ƙi. Matan unguwa ne ke riƙe da murhunta. Duk wadda ta dawo daga daji sai ta zare ƙirare daga daminta ta jefa ƙofar gidan ta wuce, ba sallama, ba jiran godiya.

Aka ɗauko butalin gaz a kan kabu-kabu, aka ɗaura wa Goggo sabon zane. Ta kunna shuɗiyar wuta ta ce, "Ni da itace har abada!" Ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dushe. Da aka gama, butalin ya koma Magariya, don dama na aro ne, akwai wata tsohuwar da ke jiransa.

Bidiyo ya karɓu, har dangi na Kano suka bugo waya. Shef ya yaba, shi da bai san hanyar ƙauyen ba.

Bayan girbi Sa'ida ta je gaisuwa. Ƙofar gidan fes, ko tsinke babu. Ta sa hannu a tokar murhu ta ji sanyi. A kwano gari ne jiƙe da ruwa. Ta juya wajen Goggo.

"Goggo, ina matan unguwa?"

"Suna nan lafiya lau. Sun ga hoton a wayar mazansu. Har Zulai ta zo mini barka, wai Allah ya hutar da ni."

"To ki gaya masu gaskiya mana!"

"In ce masu mi? Na yi ƙarya da furfurata, ko ɗiyar ƙanena ta sa ni?"

Kunya ta rufe Sa'ida, ga gajiyar hanya.

Goggo ta miƙo mata igiya. "Kafin ki koma, tsinto mini kara a gona. Amma ki bi ta bayan gida, kada su gan ki."