Wa Zai Kwana a Sama

Baba ya shiga motar yana murmushi, ya fito fuska a ɗaure.

"Ba ni zuwa, Duangta."

Wata huɗu na yi ina aikin motar nan a harabar shagona a Khon Kaen. Ni kafinta ce, shekara goma sha tara ina haɗa wa mutane kabad ɗin kicin, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Tsohuwar ƙaramar bas na samu, na yanke rufin na sa mata irin wanda ake turawa sama, tamfol ya miƙe ya zama ɗaki. Gado ɗaya a can sama. A ƙasa kujera ce da ake buɗewa ta zama gado, kabad da murhun gas a gefenta.

Duk saboda ranar Lahadi ne. Ranar za a aske Anucha, ɗan yayana Wichian, ya shiga zuhudun addinin Buddha a garin Trang can kudu, kuma kaka ne ke fara sa almakashi. Shekara tara Baba da Yaya Wichian ba su yi magana ba, tun da Yaya ya jefar da dambe ya bi matarsa kudu. Tafiyar kwana uku ce idan aka lallaɓa bayan Baba. Yau Litinin, dole mu tashi Alhamis.

"Me ya faru, Baba? Katifar ce?"

"Wa zai kwana a sama?"

"Ni mana. Kai da gwiwar nan..."

Ban ƙarasa ba. Idona ya sauka kan jarfar tsarin da ta rufe ƙirjinsa da kafaɗunsa, wadda malaminsa ya zana masa tun yana ɗan dambe mai shekara sha bakwai. Sharaɗinta na san shi tun kafin na san karatu: ba ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ba a ɗora zanen mace sama da kansa, ba ya kwanciya mace na samansa. Shi ya sa ba ya yarda da otal, shi ya sa ma na haɗa motar. Na auna komai da tef sau biyu, na manta ni kaina mace ce.

Kawu Prayong, maƙwabcinmu, yana zaune a bakin shago yana cin shinkafa mai danƙo daga kwando. Shi da Baba sun kara sau uku a samartaka, har yau kowa na cewa shi ya ci biyu.

"Sawaeng, kai da kake wucewa kullum ta ƙarƙashin gadar kasuwa, mata na tafiya a kanka da kwandunansu?"

"Lokacin da malamina ya kafa sharaɗi babu gadar sama a garin nan."

"To babu mota mai bene ma."

"Ci shinkafarka, tsoho."

Baba ya ce shi zai hau sama. Ya kama tsanin, taki ɗaya, taki biyu, a na uku gwiwar ta ƙi, sai da na tare shi da kafaɗa. Na ce zan kafa tanti a waje in kwana. Ya ce ba zai kwanta a katifa 'yarsa na waje cikin damina ba. Ya ɗauki hularsa.

"Ki gaya musu ba ni da lafiya."

"Ka dawo Laraba da rana, Baba."

"Aikin wata huɗu za ki sake a kwana biyu?"

"Laraba da rana."

Kafin ya kai bakin titi na riga na fara kwance noti. Kujerar ta fita, kabad ya fita, allon gadon sama na zare shi na jingine a bango. Cikin motar ya koma fili kamar ranar da na kawo ta. Na durƙusa da tef. Faɗin mita ɗaya da rabi. Gado biyu sirara za su shiga, ɗaya a kowane gefe, da 'yar hanya a tsakiya, amma fa sai kicin ya bar wurin.

Na mayar da shi baya. Doguwar durowa ɗaya mai zamewa, a buɗe ƙofar baya a jawo ta, ga murhu ga tukwane ga wurin yanka, ƙofar kuma ta zama rumfa. Kowane gado na yi shi akwati mai murfi. Kayana, zannuwana da takalmana a ƙarƙashin nawa. Allon gadon sama na raba shi biyu da zarto, na mayar da rabi can gaba ya zama kanta: kayan Baba, matasai, da ɗan gurbi da na yi wa ƙaramin mutum-mutumin Buddha da ba ya tafiya ba shi. Sauran rabin na bar shi a buɗe, mutum ya miƙe tsaye ya sa wando ba tare da ya buga kai ba.

Kawu Prayong ya riƙe mini katako ranar Talata, yana riƙo yana surutu.

"'Yata, kin san ko gadon zinariya kika yi masa zai samo wani abu."

"Sai in gyara wani abun."

"Ba gadon yake tsoro ba."

Na ji shi. Na ci gaba da yanka katifa.

Laraba da rana Baba ya zo, ya cire takalmi ya shiga. Ya buɗe akwatin gadona ya ga zannuwa, ya rufe. Ya miƙa hannu kan kanta ya laluba har lungu. Ya kwanta a gadonsa ya kalli sama, babu komai sai tamfol da hasken rana. Ya daɗe a haka. Sai ya tashi zaune, ya ɗora tafin hannu a katifarsa, ya ɗora ɗayan a tawa.

"Naki ya fi tsawo."

Gaskiya ne. Tankin ruwa na ƙarƙashin nawa, ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Wannan ai gefe ne, Baba, ba sama ba."

"Ya fi tsawo."

Kawu Prayong ya yi 'yar dariya daga waje. Ni kuwa na janye katifata na jefa ta ta taga, na ɗauko tabarmar da nake hutawa a kai a shago na shimfiɗa a kan katakon.

"Auna."

Ya auna. Nasa ya fi da yatsa uku.

"A kan tabarma za ki yi kwana uku?"

"Na yi fiye da haka. Saura me?"

Ya duba ƙugiyar tawul, na ce tasa ce, tawa na ciki. Ya duba labule. Ya duba aljihun bayan kujerar direba. Na tsaya a ƙofa na harɗe hannu ina kallonsa har abin dubawa ya ƙare masa.

"Baba, babu abin da ya rage a samanka. Faɗa mini gaskiya."

Ya zauna a bakin gadon yana murza gwiwa. Da ya yi magana, ba ni yake kallo ba.

"Ke kika ce in zo. Matar Wichian ta aiko da kati. Shi bai ce komai ba."

Na ciro waya na kira Yaya Wichian, na buɗe murya na ajiye ta a kan katifa tsakaninmu. Baba ya yi mini alama da hannu in kashe. Ban kashe ba.

"Duangta, kun taso?"

"Gobe, Yaya. Baba na nan yana jin ka. Yana so ya san ko kai kana son ya zo."

Ana jin kukan zakara daga can Trang.

"Baba," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗakin da na gyara maka babu bene a kansa. Igiyar shanya ma na sa an kwance tun makon jiya. Anucha ya ce in ba kai ba ne, ba wanda zai fara taɓa masa gashi."

"Yaron ne ya ce."

"Ni ma na ce, Baba. Ka zo."

Baba ya share hanci da bayan hannu.

"Almakashin naku na da kaifi? Ba na aiki da dakusasshe."

"Sabo ne."

"Zan zo da nawa."

Ya kashe wayar da kansa. Kawu Prayong ya leƙo ta taga.

"Ashe dai akwai wanda ke iya kayar da kai bayan ni."

"Sau ɗaya ka ci, shi ma santsi ne. Je ka ɗauko wa yarinya katifarta daga ƙasa, a rage mata kauri. Ba za ta tuƙa ni kwana uku da ciwon baya ba."

Na yanke yatsa uku daga soson katifar, na ɗinke rigar, Baba ya sake aunawa ya gyaɗa kai. Alhamis da hantsi na sauke rufin, na ɗaure maƙallansa huɗu, na zagaya na duba taya. Da na buɗe ƙofar direba, yana zaune a gaba, ya riga ya ɗaura bel, jakarsa a cinya.

"Kin makara," ya ce. "Mu tafi."