Huhun Taba

Shitu bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Ko a zamanin ƙuruciya, lokacin da samarin unguwarsu a Kano ke laɓewa bayan makaranta suna karɓa-karɓa da guntun sigari, shi gadi ake ba shi, yana leƙen malamai yana toshe hanci. To ga shi yau, da furfura a gemu, tsaye a ƙofar shagon taba a ƙarƙashin wani otal na titin Liuhua a Guangzhou, ƙasar Sin, yana waige-waige kada wani ɗan Kano ya hango shi ya kai labari masallaci.

"Shiga mana, Alhaji, ba wanda zai cinye ka," in ji Abdul-Samed, yana tura shi da kafaɗa.

Abdul-Samed mutumin Kumasi ne, shi ke yi wa Shitu lodin kwantena tun zuwansa Guangzhou, kuma a duk waɗanda Shitu ya sani shi kaɗai ya san kan irin tabar da suka zo nema. Washegari Abdul-Samed zai tashi zuwa Accra, ba ranar dawowa. Shi ya sa aka yi sayayyar tun yanzu, alhali ranar ba da kyautar da sauran makonni.

Surukinsa Shitu zai saya wa, dattijo Liang, mahaifin matarsa Asma'u. Ita 'yar garin ce, sunanta na gida Mei. A kasuwar Canaan suka haɗu, tana tsaron shagon kayan yara, shi kuma yana sarin riguna zuwa Kantin Kwari a Kano. Ta musulunta, suka yi aure, suka haifi Najiba. Bara ciwon hanta ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Ranar da ta rasu tsohon ya iso asibiti rungume da wani ɗan akwatin katako mai sheƙi, irin wanda suke zuba tokar mamatansu bayan an ƙona gawa. Shitu ya ce sam. Musulma ce, kuma da bakinta ta roƙe shi kada a ƙona ta. Aka yi mata wanka, aka naɗe ta a farin likkafani, aka kai ta maƙabartar Musulmi ana ta yayyafi, tsohon yana tsaye can nesa da akwatinsa babu komai a ciki.

Daga maƙabarta ya kama hannun jikarsa ya wuce da ita gidansa a unguwar Panyu, wai kafin hankali ya kwanta. Har yau hankalin bai kwanta ba. Shitu kan je duba ta ranar Lahadi, a ajiye masa kujera kusa da ƙofa kamar wanda ya zo gyaran famfo. Yanzu kuma izinin zamansa, wanda dama albarkacin auren ne, ya kusa ƙarewa. Gida zai koma. Mahaifiyarsa Hajjo ba ta da magana a waya sai ɗaya: "Ina jikar tawa? Sai na mutu za ka kawo ta?" Takardun yarinyar kuwa duk suna hannun tsohon. In ya ce to, Najiba ta bi ubanta Kano. In ya ƙi, sai dai su riƙa ganin juna a fuskar waya.

Tabar kuma alkawarin Asma'u ce. Tsohon ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar takalma yana kallon masu kamfanin suna busa tabar nan mai kauri ta naɗin ganye, wadda ake kira siga. Yakan ce ranar da ya cika saba'in sai ya ɗanɗana ɗaya, ya ji abin da suke ji da har suke lumshe ido. Asma'u ta ce ita za ta saya masa. Ga saba'in ɗin ta ƙarato, mai alkawarin ba ta nan. Shitu ya ƙudura a ransa cewa in ya cika mata wannan, wataƙila zuciyar tsohon ta yi laushin da zai saurare shi.

Suna shiga ya nuna wadda ta fi kowacce girma da duhu. A ganinsa ai suruki ba a kai masa ƙaramin abu.

Abdul-Samed ya tuntsire da dariya. "Kana so ka kashe tsoho ne? Wannan, ko ni da na daɗe ciki, sai na ci na ƙoshi kafin na taɓa shi. Mutum da bai taɓa sha ba, zai juya mishi kai, ya yi amai gaban jikanshi." Hausar Zango ce a bakinsa, ba ruwanta da raba mace da namiji.

Ya ja shi zuwa wani ɓangaren. "Duba nan. Mai launin shayi da madara, irin wannan yawanci ya fi sanyi a baki. Siriri, gajere, wanda zai ƙare kafin tsoho ya gaji. Ka gaya mishi kuma kar ya haɗiye hayaƙi, a baki ake juya shi a fesar." Ya ɗauki kara ɗaya ya ɗan matsa shi kusa da kunne. "In ka ji ƙaras-ƙaras, ya bushe, ya mutu. In ya lotsa bai dawo ba, ya sha ruwa, nan ma ya mutu. Tsakiya ake so."

Suka tsaya a kan kara biyar. Sai matar shagon ta sunkuya ta ɗauko akwatin da ake adana su, ta ɗora a kan kantar shagon tana murmushi. "Laoban," ta ce da Shitu, wato maigida, tana nuna masa ɗan agogon da ke jikin murfin mai auna danshi.

Shitu ya ja da baya. Katako ne ja mai sheƙi, girmansa da fasalinsa sak wanda tsohon ya rungumo zuwa asibiti. Ya kai wa mutumin nan irin wannan akwatin ranar bikin cikarsa saba'in? Ai gara ya mare shi. Ya tambaya ko akwai wani iri.

"Meiyou," in ji ta. Babu.

"To ka nemi robar abinci mai murfi da ke kamawa sosai," in ji Abdul-Samed, "ka jefa wannan a ciki." Ya miƙa masa wani ɗan ƙunshi kamar na gishiri.

"Wai duk me ake gudu? Kada ta bushe, ko?"

"Haka ne, amma..."

"To ka bar ni da ita. Ni fa a kasuwar goro ta Mariri na tashi. Mu da muke riƙe goro ya shekara ɗanye shar, kara biyar ne za su gagare ni?"

Wayar Abdul-Samed ta yi ƙara, ana nemansa a kan wata kwantena da ta maƙale. Ya fita yana faɗa da Turanci, "amma" ɗin nan ya bi shi har Accra.

A ɗakinsa na unguwar Sanyuanli Shitu ya juya ɗan ƙunshin a hannu. Ya san irinsa sarai, ko kuwa ya ɗauka ya sani: shi ake sawa a kwalin takalma da na riguna don ya tsotse danshi. Abin da ake gudun bushewarsa kuma a sa masa mai tsotse ruwa? Ya yi tsaki ya jefa shi a kwandon shara, bai san wannan daidaita danshi yake yi ba. Ya sauka kasuwa ya samo ganyen ayaba, tun da ganyen fita da ake huhun goro da shi babu shi a ƙasar nan. Ya jera karan biyar a ciki, ya yanko ƙyalle daga wani sabon farin yadi da ke cikin samfurin kayansa, ya jiƙa, ya matse, ya naɗe su tsaf ya ɗaure kai da gindi.

Hannunsa bai manta ba. Yana ɗaurin yana jin muryar marigayi babansa a rumfa: "Yayyafa, kada ka kwarara. Goro numfashi yake yi." Rabon da ya yi wani abu da ya ji ya iya shi haka tun kafin Asma'u ta kwanta. Ya zauna a bakin gado da ɗan huhun a cinya, hawaye ya zubo masa, bai san ko na wane ne a cikinsu ba.

Da farko yakan kwance ya duba. Karan sun yi taushi, sun yi sheƙi, warinsu ya cika ɗaki har ya kama jallabiyar sallarsa. Wannan ne bai iya jurewa ba. Sai ya sa huhun a leda ya cusa a ƙasan kwaba, kullum bayan Asuba ya buɗe bakin ledar ya yayyafa wa ƙyallen ruwa ya mayar, ba ya kwancewa. Abin da bai lissafa da shi ba shi ne garin kansa. A Kano iska ce ke satar ruwan goro, dole ka yi ta mayar masa. A Guangzhou kuwa lokacin ya faɗo daidai kwanakin nan na ƙarshen sanyi da bango ke gumi, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana biyu a igiya yana ɗiga. Duk garin kokawa yake da ruwa, Shitu kaɗai ke ƙarawa.

Ranar bikin ya sa huhun a jar jaka, don ya san ja ne launin murna a wurinsu, fari kuwa na makoki. Niyyarsa sai ya isa ƙasan benen ya kwance ƙyallen ya jefar, kada sanyin jirgin ƙasa ya busar da tabar a hanya. Tun daga Sanyuanli har Panyu yana bitar maganar da zai yi da ɗan Sinancinsa: Baba, ga alkawarin Mei. Baba, yarinya tana da kaka a can ma.

Najiba ce ta ɓata lissafin. Tana zaune a matakala tana jiransa, ta ƙara tsawo, kitson da babu mai yi mata an aske shi zuwa kunne. Ta ɗafe shi, sannan ta fizge jakar. "Na Gunggung ne? Ni zan kai!" Haka take kiran kakan nata. Kafin ya ce tsaya ta haye sama da gudu.

Ya same su a falo. Ba wani taro, tsohon ne kaɗai da kwanon taliyar da suke ci ranar zagayowar haihuwa a gabansa, da hoton Asma'u a kan wata kanta. Ya riga ya zaro abin daga leda. Farin ƙunshi, dogo, ɗaurarre kai da gindi, jiƙe sharkaf. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya sa yatsu ya kwance.

Warin ruɓa ya tashi. Ganyen ayaban ya yi baƙi ya narke. Karan biyar sun kumbura sun tsage, sun manne da juna, fumfuna kore da fara ta lulluɓe su kamar burodin da aka manta a kwaba.

"Siga ce," in ji Shitu. "Mei ta ce za ta saya maka. Mara ƙarfi na zaɓa. Na adana ta ne irin yadda muke yi a gida."

Tsohon bai ɗago ba. Ya taɓa gefen ƙyallen, ya murza danshin tsakanin yatsunsa. Sannan ya yi magana a hankali da yaren Kanton na mutanen yankin, wanda Shitu bai taɓa iya kamawa ba. Shitu ya dubi 'yarsa. Dama ita ke yi musu tafinta.

Najiba ta haɗa gira tana laluben kalmomi, don Hausarta ta fara guduwa. "Ya ce... irin wannan farin ka sa wa Mama. Ka sa ta a ƙasa mai ruwa." Ta tsaya, ta sake sauraron kakan. "Ya ce wai haka Mama ta zama yanzu?"

Ta dubi abin da ke kan tebur, ta dubi ubanta. Tambayar ta tashi daga ta kakan, ta zama tata.

"Baba, me zan ce masa?"

Shitu ya san amsa. Ya san abin da malamai suka faɗa a kan rai da gangar jiki, ya sha faɗa wa wasu a zaman makoki. Ya buɗe baki, ya rasa yaren da zai ɗauki maganar, kuma ya rasa fuskar da zai faɗe ta alhali abin da hannunsa ya naɗe yana kwance a gabansu.

Tsohon ya mayar da ƙyallen, gefe a kan gefe, ya ɗaure kai da gindi yadda ya same shi. Ya miƙe da ƙyar ya nufi kantar. A bayan hoton, akwatin nan ne na asibiti, an goge shi yana sheƙi. Ya buɗe, ya kwantar da farin ƙunshin a ciki da hannu biyu, ya rufe.

Ya dawo ya dafa kafaɗar Najiba ya jawo ta jikinsa. Wannan karon da Sinancin kasuwa ya yi magana, dalla-dalla, don kada a nemi tafinta.

"Ɗaya na ba ka. Wannan ba zan ba ka ba."

Shitu ya sauko matakalar yana dafa bango, bangon yana jiƙa masa tafin hannu. Yana kaiwa ƙasa wayarsa ta fara ruri a aljihu. Hajjo ce. Ya tsaya da ita a hannu yana kallon sunan har ta katse, ta sake kira.