Zaren Auta a Kan Taga

Tun da aka ce mutanen jami'a za su zo, Maman Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ba zuwan nasu ne ya dame ta ba, bakin Farfesa take nema. Mijinta ba ya jin maganar mace, amma idan mai gilashi da dogon suna ya ce ruwa wuta ne, sai ya ɗora tukunya a kai.

Rigimar kuwa ta makaranta ce. Auta tana da galahanga: magana sai jefi-jefi, ba ta son hayaniya, ba ta kallon idon mutum. Wata makaranta a bayan layi ta yarda ta karɓe ta, uwar har ta ɗinka mata yunifom da kekenta. Uban ya ce ba zai kai 'yarsa ta zama abin kallo ba. Da ƙyar da siɗin goshi ya sassauta.

"Bari masu binciken su zo. In Farfesa ya ce za ta iya, shi ke nan."

Suka iso da hantsi, mota shaƙe da mutane, kowa da kati rataye a wuya kamar kayan sayarwa. Farfesa ya hakimce a kujerar maigida tun kafin a ce masa bismilla. Ya ce suna binciken galahanga a duk yankin, kuma za su ɗauki yarinya a bidiyo yadda take a gida, ba tare da an canza komai ba.

Auta tana gindin taga, tana jera zarurrukan ɗinkin uwarta daga fari zuwa baƙi. Haka take kullum. In jerin ya cika, hankalinta ya kwanta, sai ta taso ta miƙa wa baƙo hannu. Wannan miƙa hannun ne uwar take jira, mijin ya gani, Farfesa ya shaida.

Mai kyamara ya leƙa na'urarsa ya yatsina fuska. "Hasken nan bai yi ba. A ɗage labule, a kwashe tarkacen nan."

"Ɗan'uwa, kada ka taɓa..."

Kafin uwar ta rufe baki ya share zaren da gefen hannu ya zuba a kwando. Auta ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ƙara, ta fara buga goshi a bango. Uwar ta zabura, sai wata ɗaliba mai ƙamshin turare ta riƙe mata hannu.

"Mama, ɗan dakata, za ki shiga hoton."

Farfesa ya turo wuya gaba, fuska a washe kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata. "Madalla. Irin wannan muke ta nema. Duk gidajen da muka je yaran lamo suke yi mana."

Maman Auta ta fizge hannunta, ta rungume 'yarta, ta mayar da zaren kan taga, zuciyarta na tafasa. Sai da kukan ya lafa ta haɗiye fushin, domin har yanzu ita ce mai nema.

"Ranka ya daɗe, ka faɗa wa babanta. Kafin a taɓa mata zare lafiya lau take, kai ma ka gani. Za ta iya makaranta, ko?"

Farfesa ya gyara gilashi. "Ai mu ba ma ba da shawara, Mama. Ƙa'idar bincike ta hana. Bayanai kawai muke tattarawa, sakamako zai fito a mujalla."

Ƙa'idar dai ba ta hana kwashe zare ba, magana ɗaya ce ta hana. Suka naɗe wayoyinsu, suka bar wa Auta kyautar riga mai rubutun "Muna Tare da Ku", wadda ko ubanta ya sa sai ta yi masa yawa.

Baban Auta yana bakin ƙofa tun farko. Da ƙarar mota ta yi nisa ya shigo, ya cire yunifom ɗin daga jikin ƙusa, ya ninke shi a hankali, ya ɗora can saman durowa inda hannun matarsa ba ya kaiwa.

"A ɗakin uwarta ke nan fa," in ji shi. "Ina ga cikin aji?"

"Baban Auta, su ne suka..."

"Maganar ta ƙare."

Ya fita. A gindin taga Auta ta ajiye baƙin zare a ƙarshen layi, jerin ya cika. Ta taso, ta nufi kujerar da Farfesa ya zauna, ta miƙa hannu. Ba kowa a kai.