Ƙibar Dogo

"Danna nan ki gani," in ji maƙwabciyata, tana nuna min ƙaurin mijinta Dogo.

Na durƙusa na danna da babban yatsa. Da na ɗauke hannu sai ramin ya tsaya, ya ƙi cikowa. Dogo na zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, baki buɗe, yana haki kamar wanda ya hau bene da buhu a ka.

"Kwana uku ke nan bai kwanta ba," ta ce. "Da ya miƙe sai ya ce ana shaƙe shi."

Bara ne zazzaɓi ya kayar da shi, irin na kowa, amma shi nasa ya sauka a zuciya. Ya yi wata guda a asibiti, ya dawo duk ya rame, ya ajiye tuƙin bas. Likita ya ce kumburin zuciyar ya sauka, sai dai ya bar tabo a namanta, wurin tabon kuwa ba ya aiki. In jiki ya fara nauyi, a hanzarta dawo da shi. Mu dai "ya sauka" kawai muka riƙe.

Da ya fara cikowa sai murna. Matarsa tela ce, duk sati sai ta zagaya masa tef a ƙugu, ta farke wando ta ƙara ƙyalle. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

"Dogo, wannan tumbi ai na manaja ne."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, mu ma muna taya shi. Har yau dariyar nan na ci na.

Ranar da na danna ƙaurin muka kai shi asibiti. Likita ya ɗaga masa riga, idonsa ya sauka kan ƙugun wandon.

"Sau nawa aka buɗa wannan?"

"Huɗu," in ji matarsa.

"Ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyar ta kasa tura jini, shi ya sa ya taru."

"To a cire tabon mana, likita. Ni ma in ɗinki ya ɓaci farkewa nake in sake."

"Wannan ba ya farkuwa, baiwar Allah."

Da ta fita karɓo magani, Dogo ya janye robar iskar daga hancinsa ya yafito ni.

"Maƙwabciya, tsoro nake ji in rufe ido," ya ce. "In ta faru, kar ki bari ta ce laifinta ne."

Na amsa da kai, don bakin nan nawa ranar ya mutu.

Rana ta uku da hantsi ya cika, a zaune, da filo uku a bayansa. Na rako ta gida, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta kasa shiga. Takalmansa na zuwa aiki suna nan a jere kan dokin ƙofa, ya take bayansu sun kwanta tun da ƙafa ta daina shiga, igiyoyin a kwance.