Ranar da Ilyasu Ya Amsa wa Fatalwa Sallama

Ƙanena Ilyasu marubuci ne, kuma duk littattafansa a kan fatalwa suke. Ƙanana ne, da Faransanci yake rubuta su, yana sayar wa 'yan lise, wato ɗaliban sakandare, a Marwa inda yake koyarwa. Ni ban iya karanta su ba, amma ya sha zaunar da ni yana fassara mini ko ban tambaya ba. Duk labarin ɗaya ne. Za a ce wani gida yana da fatalwa, sai wani malami mai tabarau ya je da igiyar awo da tambayoyi, a ƙarshe a gano mujiya ce, ko ɓarawo, ko iska ce ke kaɗa kwanon rufi. Malamin nan mai tabarau ba sai an gaya maka ko wane ne ba, don Ilyasu tun yana ƙaramin ɗan makaranta yake fama da nasa.

Mu ma a lungunmu na Garwa muna da tamu fatalwar. Sunanta Hamadu, kuma bari in faɗa tun yanzu kada a sha wahala, mutum ne mai rai kamar kowa.

Hamadu direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu. Yunƙurin juyin mulkin da aka yi a Yawunde a 1984 can ya rutsa da shi. Aka yi ta kwasar 'yan arewa, da wanda ya san abin da ake ciki da wanda bai sani ba, aka haɗa da shi. A lokacin aurensa bai ko shekara ba, matarsa ma Amarya muke ce mata, kuma sunan ya bi ta har yau. Da aka daɗe shiru, sai wani da aka sako ya zo ya rantse da idonsa ya ga an fitar da gawar Hamadu. Limanin unguwarmu, Malam Usmanu, ya ja salla babu gawa a gabansa, Amarya ta yi takaba ta gama. Daga baya Sulaimanu mai shagon atamfa ya aure ta, ya kawo ta gidansa da ke kallon ƙofata inda nake suyar waina. Ta haifa masa maza biyu.

Shekarar da aka yi wa fursunonin afuwa, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga mutum ya shigo lungu. Ya rame, haƙoransa na gaba sun zube, amma tafiyarsa tana nan, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya tsaya a ƙofar zauren Sulaimanu ya yi sallama a hankali. Wainar da ke tandata sai da ta ƙone ƙurmus. Duk wanda ke lungun ya gane shi, kuma babu wanda ya amsa.

Dalilin shirun kowa ya san shi. Malam Usmanu ya taɓa karantar da mu cewa matar da aka kawo wa labarin mutuwar miji alhali yana raye, in ya dawo tasa ce, ko ta cika wani gida da 'ya'ya. Ko dai ya ɗauke ta, ko ya sake ta da bakinsa. Ranar da wani ya amsa wa Hamadu sallama ya kira sunansa a gaban jama'a, ranar dole a yanke ɗayan biyun. Hamadu ba shi da ko ɗakin da zai sa ta, kuma ba mutumin da zai raba uwa da yara ƙanana ba ne. Sakin kuwa bakinsa ba zai iya ba, don daga baya na ji cewa tunaninta ne ya riƙe masa rai duk zamansa a tsare.

Tsohuwa Hansai, mai sayar da daddawa a ƙarshen lungu, ita ta fitar da mu. Ta ɗaga murya ta ce, "Fatalwa ce, ku shige da yara." Sai kowa ya kama kalmar nan da hannu biyu. Ai fatalwa ba a amsa mata sallama, ba a kuma tambayarta saki.

Haka abin ya zauna. Hamadu ya sami gadin wani siton auduga a Pitowa, kowace Juma'a ya biyo motar haya ya zo. Amarya takan aje ƙwaryar fura a bakin zaure, wai sadaka ce ga marigayi mijinta. Marigayin ya zo ya yi sallama, ya tsuguna ya sha, ya ɗan saurari motsinta daga cikin gida, ya tashi ya tafi. Sulaimanu, Allah ya saka masa, sai ya koyi dogon lazimi ranar Juma'a, ba ya barin masallaci sai la'asar. Malam Usmanu kuma ya sake hanyar komawa gida, wai rana ta fi zafi ta lungunmu. Wanda yake ganin mun yi wasa da shari'a ya faɗa, amma bai ga fuskar Hamadu ba lokacin da yake shan furar nan.

Ana cikin haka Ilyasu ya zo mini hutu. Kwana biyu da zuwansa ya je aski, wanzami ya tsegunta masa labarin fatalwar Juma'a. Ya dawo gida ido yana ƙyalli kamar an yi masa albishir.

"Yaya Hindu, ashe da fatalwa a ƙofarki kika yi shiru? Da rana tsaka fa! Wannan ko a littattafan Turawa ban taɓa gani ba."

Na ce, "Ilyasu, fatalwar nan tamu ce. Ba ta taɓa kowa ba, ka bar mana ita."

Ya yi dariya ya gyara tabarau, Faransancinsa ya motsa. "Vuwala! Abin da nake faɗa ke nan kullum. Jahilci ne ke ciyar da fatalwa. Ƙaramin anket zan yi, bincike kawai, in raba ku da tsoro."

Gaskiyar ba ta faɗuwa gare shi. Ilyasu ba mugu ba ne, amma abin da ya shiga kunnensa da safe kafin wata ya mutu yana cikin littafi, da sunan mutum da na ubansa. Ya taɓa sa ciwon farfaɗiyar gwaggonmu a wani labari, ta rasu ba ta yi masa magana ba. Na yi masa zancen a kaikaice yadda ake yi wa mai hankali, na ce akwai abin da rufe shi ya fi buɗe shi. Ya ce wannan jimla ta yi kyau, zai sa ta a bakin tsohuwar labarinsa.

Juma'ar farko ya zauna bayan labulen ɗakina yana leƙe. Da Hamadu ya tafi, ya fito da igiyar awo ya tsuguna yana gwada sawun takalmi a ƙasa, mata suna kallonsa ta ƙofofi. Ya ɗaga ƙwaryar ya sansana. Ya bi gida gida yana tambaya, kowace ta ce masa ita dai ba ta kallon wurin. Hansai ta ce masa da Fillanci ba ta jin Hausa, matar da ta shekara saba'in tana zagin mutane da Hausa. Duk wannan bai sa ya tsaya ya tambayi kansa komai ba. Ya je tasha ya gano direban da ke kawo fatalwar daga Pitowa, ya dawo yana taku ɗai-ɗai. Ni kuwa in na fita ɗebo ruwa sai in ja mayafi in rufe fuska, don duk lungu an san ƙanena ne.

Ranar Laraba ya ce mini ya bar zancen. Ya ce abin da yake so yanzu a yi wa mahaifiyarmu addu'a kafin ya koma Marwa, zai kira liman da dattawa ranar Juma'a bayan la'asar. Na ji daɗi har na yanka kaji. Ashe su cewa ya yi da su da an sallame sallar Juma'a a wuce gidana kai tsaye, abinci yana jira. Addu'ar mamaci ba a ƙin ta, Sulaimanu ma da yake maƙwabci bai sami hanyar zillewa ba.

Ina tsugune ina kwashe waina na hango su sun shawo kwana, Ilyasu a gaba, Malam Usmanu da sandarsa, dattawa a baya. A daidai lokacin Hamadu ya iso ƙofar zaure daga ɗaya ɓangaren. Liman ya ja burki zai juya, amma lungun ƙunci gare shi, mutane sun cika bayansa. Hamadu bai lura da su ba, idonsa yana kan ƙofa. Ya yi sallamarsa a hankali yadda ya saba.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah!" in ji Ilyasu, da ƙarfin da har tantabarun gidan Hansai suka tashi.

Ya yi tsalle biyu ya cafke wuyan hannun Hamadu ya ɗaga sama. "Jama'a, ga fatalwarku! Ga inuwarsa a ƙasa, ga jini yana bugawa a hannunsa. Allah gafarta Malam, zo ka taɓa da kanka. Daga Pitowa yake zuwa, a mota, yana biyan kuɗin kujera kamar kowa. Bawan Allah, kada ka ji tsoro, faɗa musu sunanka."

Ya juyo yana jiran mamaki. Babu wanda ya yi mamaki. Dattawan nan kowa ya sami abin kallo a ƙasa, Sulaimanu ya jingina da bango ya sulale ya tsuguna. Ni da ƙasa za ta buɗe da na shige da tandata. Daga cikin gida aka ji dakan da ake yi ya tsaya.

Malam Usmanu ya daɗe yana murza kan sandarsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "An tambaye ka a gaban shaidu. Wane ne kai?"

"Hamadu ne, Malam. Kai ka ɗaura mini aure."

"To, Hamadu, ka san hukuncin. Matar da ke cikin gidan nan taka ce. Ko ka ɗauke ta yau, ko ka sallame ta. Ba ni da ikon in ce ban ji ba."

Sai a lokacin Ilyasu ya saki hannun. Ya dube ni, ya dubi Sulaimanu, ya dubi ƙofar zauren, na ga abin yana shigarsa a hankali. Ya ce, "Yaya Hindu, kun sani?" da ƙaramar murya irin ta lokacin da yake yaro in ya fasa tulu.

Hamadu ya tsaya yana kallon labulen zaure. Ƙaramin yaron Sulaimanu ya fara kuka a ciki, aka ji uwarsa tana rarrashinsa. Hamadu ya saurara har yaron ya yi shiru. Ya goge bakinsa da hannun riga.

"Na sake ta, Malam."

"Saki nawa?"

"Uku."

Liman ya ɗago da sauri. "Ɗaya ya wadatar, Hamadu. Kada ka yi wa kanka haka."

"Malam, in ɗaya ne zan dawo. Na san kaina."

Daga cikin gida aka ji kukan babba, irin wanda ake toshe baki da zane. Sulaimanu ya kifa fuska a gwiwa, kafaɗunsa suna motsi. Hansai da ba ta jin Hausa ta fito ƙofarta ta zazzaga wa Ilyasu Hausa tsantsa tun daga kakanninsa, waɗanda nawa ne ni ma.

Hamadu ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya matso kusa da Ilyasu, babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi komai ciwo. Ya yi magana da ladabi, yadda direba ke yi wa malamin makaranta.

"Malam, an ce mini kana rubuta littattafai."

Ilyasu ya gyaɗa kai.

"In za ka sa wannan a ciki, ni ka sa sunana yadda kake so, ba abin da ya rage da za a yi mini. Nata ka cire. Tana da yara."

Ya juya ya kama hanyar tasha, dattawa suka manne da bango suka ba shi wuri. Ilyasu ya bi shi taku kaɗan yana cewa ya tsaya, ya yi haƙuri, bai sani ba. Hamadu bai waiwayo ba, kuma ƙafarsa ba ta sake taka lungunmu ba.