Sahun da Aka Haɗa a Kwamfuta

Tun ranar da aka sallaci gawar mahaifinsu sau biyu a Horo Birni, Saminu bai ƙara kallon wansa Surajo ido cikin ido ba. Ba gado ne ya raba su ba, ba kuma gona ba. Hannu ne. Surajo da mutanensa suna kama hannu a ƙirji idan sun tayar da salla, Saminu da nasa suna saki kamar yadda tsohon ya yi har ya koma ga Allah. Kowane ɓangare ya ce ba zai bi limamin ɗayan ba. Gawa tana ajiye a rana, waɗannan suka yi tasu suka ja gefe, waɗancan suka matso suka yi tasu. Mahaifiyarsu Inna Asabe tana cikin gida, ta ji kabbarori sun ƙi ƙarewa. Tun daga ranar roƙonta ɗaya ne ga 'ya'yan nata, kada a yi mata haka.

Saminu malamin kimiyya ne a wata sakandare a Boɗinga, kuma shi ke rubuta "Baƙin Sama", wani shiri da ake nunawa a talabijin a Sakkwato kafin ya bazu a wayoyin mutane. Mutum ne mai taurin kai wanda bakinsa bai iya ba da haƙuri ba, don haka sai ya zauna ya rubuta kashi guda sukutum saboda wansa. A cikin labarin, birane biyu suna yaƙi a kan yadda ake bauta wa Allah, sun ƙone rumbunan juna, sun cike rijiyoyi. Ana cikin haka jirage suka sauko daga sama ɗauke da wasu halittu marasa fuska, waɗanda ba su tambayar kowa ɗariƙarsa kafin su kwashe shi. A ƙarshe waɗanda suka rage suka tsaya sahu ɗaya bayan liman ɗaya, jiragen suka ɗaga suka tafi. Saminu ya ji daɗin kansa ƙwarai. Bai ma lura ba cewa duk maganganu masu hankali a bakin masu sakin hannu ya zuba su.

A wani fili a Kajiji aka ɗauki shirin bayan an cire gero. Wani mai walda ya ƙera jirgin da tsofaffin durom, aka naɗe samari da gidan sauro, aka kifa musu kwanon sha a ka, suka zama baƙi. Sauran jama'a kuwa daga Kajiji da Mandera aka tattaro su. Wurin yaƙin bai ba kowa wahala ba. Sai da Abdulrazak, mai ba da umarni, ya shiga tsakani da kansa, domin ya ce a tsaya amma ana ta jibgar juna da karan dawa.

Da aka zo sahun ƙarshe ne aiki ya tsaya. Sama'ila, wanda ya fito a liman, ya yi kabbara ya saki hannu, rabin sahu suka fice. Aka ce to ya kama, ɗaya rabin suka kakkaɓe riguna. Saminu ya yi ta roƙo har muryarsa ta dishe, yana cewa wannan wasa ne, ba salla ba ce, ko alwala ba wanda ya yi. Wani dattijo daga Mandera ya dube shi sama da ƙasa.

"Wasa na, Malam, amma hoto ba shi mutuwa. Jikokina su taso su gane ni bayan wanga?"

Abdulrazak ne ya kawo dabara. Aka ɗauki masu kamawa su kaɗai a dama, aka sallame su, aka ɗauki masu saki a hagu. Aka zumbula wa liman babbar riga aka ɗauke shi ta baya. Sauran aikin kwamfuta ta yi, ta ɗinke su tsaf, kafaɗa da kafaɗa. Abin ya yi wa Saminu ciwo, amma ya lallashi kansa da cewa abin da Inna za ta gani shi ne komai.

Da shirin ya fito, ya goya kwamfutar a babur ya nufi Horo Birni. Inna Asabe ta riga ta aika Shagari, inda Surajo ke koyarwa a Islamiyya, cewa tana nemansa bayan azahar. Ba ta kama sunansa domin ɗan fari ne, Malam take ce masa. 'Yan'uwan suka gaisa a taƙaice, kowa ya kama bakin tabarma, tsohuwar a tsakiya.

Ta yi dariya har da tari da ta ga baƙin, ta ce ai wannan gidan sauro ne irin na asibiti. Da aka fara ƙone rumbuna ta daina dariya. Da sahun ya bayyana, masu kamawa da masu saki a jere, rana tana faɗuwa a bayansu, sai ta kai gefen mayafinta ga ido tana hamdala. Saminu ya ji wani sanyi a zuciyarsa wanda ya daɗe bai ji ba. Ya saci kallon wansa.

"Inna, kak ki ɓata hawayenki," in ji Surajo. "Ba su tsaya tare ba. Akwai ɗalibaina cikinsu, sun kira ni daga Kajiji, ni nic ce su hita. Liƙa su anka yi."

Ran Saminu ya ɓaci. Ya so ya ƙaryata, ya so ya tuna wa wansa wanda ya fara janye jiki ranar jana'iza. Amma Inna ta juyo gare shi.

"Saminu, haka na?"

"Haka na, Inna."

Ta sa ya yi mata bayanin yadda ake yi, ya yi, kansa a ƙasa. Ta saurara kamar mai koyon wani sabon girki, ta ce ya mayar da wurin ta sake gani. Ta daɗe tana neman inda aka ɗinke, ba ta gani ba.

Ana haka aka kira la'asar, lasifika biyu suna hawa kan juna. Surajo ya miƙe ya sa takalmi. A bakin zaure ya ɗan tsaya yana gyara hula, ya fi yadda gyaran hula ke bukata. Saminu ya gan shi sarai. Shi da ya rubuta sahu ɗaya da hannunsa, sai ya sunkuya ya hau naɗe wayar caji a hankali, har ya ji takun wansa ya ɓace.

Yana ɗaukar buta Inna ta kira shi. Idonta ya bushe, muryarta ba rawa.

"Ran da tawa taz zo, ka taho da abin ga naka. In sun yi tasu kun yi taku, ka haɗa min yadda kah haɗa wanga. Shi za ka nuna ma yara."

Kunya da baƙin ciki suka kama Saminu. Ya ce to, Inna, ya yi alwala, ya fita. A ƙofar gida ya tsaya ya saurari lasifikan nan biyu, sannan ya bi hanyar da ya saba bi.