Likita Bai Ce Dunƙule Ba

Tun ranar da likita ya ɗaura wa Alhaji Wahabu abin awon jini a dantse, unguwar Didaouré ta samu masanin ciwon zuciya, ba tare da an tambaye ta ko tana so ba.

Wahabu mahauci ne ɗan mahauci a kasuwar Sokodé. Hannunsa na dama, wanda yake riƙe wuƙa da shi, shi ya kai shi asibiti: wata safiya ya mutu masa na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Likita ya ce hawan jini ne, tansiyo kamar yadda ake faɗa a garin. Ya zuba masa bayani da Faransanci, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce in bai kiyaye ba, wata rana hannun zai tafi ya ƙi dawowa. Wahabu ya tsorata ƙwarai, don mahaucin da ba hannu sai zaman korar ƙuda a bakin rumfa. Sai dai duk cikin bayanin, abu ɗaya ne ya samu wurin zama a kansa: gishiri.

Ya kuwa riƙe shi gam. Ya hana matarsa Rahma ajiye gishiri a madafi. Da miya ta fito salam, sai ya ce a ƙara dunƙule, a sake ƙarawa. Rahma ta gaya masa malamar asibiti ta ce dunƙule ma gishiri ne, takarda kawai aka naɗe shi da ita.

"Likita ya ce dunƙule?" in ji shi. "Ni na zauna gabansa, ba ke ba. Gishiri ya ce."

Haka likita bai ce kitse ba, bai ce kilishi ba, bai ce soyayyen kayan ciki ba. Ƙwayoyin kuwa, da ya ji garau sai ya ajiye su, wai kada jiki ya saba. Amma fa wajen wa'azi ba a barin Alhaji a baya. Yana yanka wa mutum tozo yana karanta masa alamomin shanyewar jiki daki-daki: baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ya ƙi tashi. Har masallaci bai ƙyale dattawa ba.

Da shanu suka yi wuya a Sokodé, sai ya hau mota zuwa Dapaong, ya sauka wurin tsohon dillalinsa Garuba. Garuba ya karrama baƙo da tsire mai kitse, an turbuɗe shi cikin yaji. Wahabu ya ɗaga hannu, ya tambaya ko an sa gishiri. Garuba ya rantse yaji ne kawai. Abin da aka daka cikin yajin kuwa, ba wanda ya tambaya. Alhaji ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya yi wa mai masaukinsa faɗa a kan ƙaton cikinsa.

Daga nan suka shiga kara, rana na dukan ƙeya. Wani makiyayi, Alidu, ya zo da bijimi daga Tandjouaré, kuma ran Wahabu ya biya. Aka ja, aka ja, har kuɗin ya zo daidai inda yake so. Alidu ya miƙo hannu a tafa, ciniki ya faɗa.

Hannun Wahabu bai tashi ba.

Alidu ya tsaya da hannu a miƙe, ya dubi Garuba, ya rage kuɗin kaɗan. Wahabu ya buɗe baki zai ce a kai shi asibiti, harshen ya zama kamar an cika masa baki da tuwo. Gefen bakinsa ya zame ƙasa.

Garuba ya taɓa Alidu, cike da alfahari da baƙonsa. "Ka ga yatsinar da ya yi? Mutanen Sokodé kenan. Bijiminka bai kai ba, sai ka ƙara sauka."

Masu kallo suka fara taruwa, ana jinjina wa Alhaji, ana cewa ga wanda ya gaji ciniki. Duk faɗin karar nan, mutum ɗaya ne ya san sunan abin da ke faruwa, ya kuma san ba a ɓata lokaci da shi, ga shi ya kasa faɗa. Tsoro ya cika shi, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

Alidu ya sake ragewa, ya sake miƙo hannu.